Yadda Mai Ciwon Daji Zai Motsa Jiki Yana Kan Magani Ba Tare Da Ya Cutu Ba

Ranar da aka dawo da Yaya daga ƙarin ruwan kemo na farko, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, gidanmu ya yanke hukunci ba tare da an zauna ba: daga yau ko tsinke ba za ta ƙara ɗagawa ba. Aka shimfiɗa mata katifa a ɗakin Inna. Buta a kawo mata, abinci a kawo mata, ko wayarta ce ta yi ƙara sai yaro ya ruga ya miƙo. Duk wanda ya shigo dubiya kuwa maganarsa ɗaya ce: "Sannu, yi kwanciyarki, kada ki wahalar da kanki." Cikin mako uku, macen da ke tuƙa tuwon mutum goma sha biyu ta koma sai an kama ta take tashi daga tabarma. Mu duk mun ɗauka ciwon ne ke cin ta. Sai da wata likitar fisiyo, wato ta sashen motsa jiki, ta sa Yaya ta tashi ta zauna a kujera sau biyar tana kallo, sannan ta juyo ta ce mana ciwo da magani sun ci rabonsu, amma kwanciyar da muka ɗora mata ita ma ta ci nata.

Gajiyar ciwon daji daban take da ta manomi, wadda barcin dare ɗaya ke wankewa. Mutum zai kwana ya tashi kamar an yi masa duka. In ya biye mata ya kwanta, tsoka ta zube, numfashi ya gajarce, abinci ya ƙi shiga, gajiyar gobe ta fi ta yau. Shi ya sa tun 2010 ƙungiyar masana lafiyar wasanni ta Amurka ta ce mai ciwon daji ya guji zaman kashe jiki, a 2019 kuma ta faɗi adadi: motsi matsakaici na minti 30 sau 3 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau 2 a mako, suna rage gajiya da fargaba da baƙin ciki. A 2025 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji kan mutum 889 masu ciwon dajin hanji, akasarinsu a Kanada da Ostareliya, waɗanda suka gama tiyata da kemo. Rabinsu aka haɗa su da mai horarwa na shekara 3, mafi yawansu tafiya da sauri kawai suke yi. Bayan shekara 8, kusan 90 cikin 100 na masu atisayen suna raye, a ɗaya rukunin kuma 83. A lura dai, duk sun karɓi maganinsu cif. Wanda ya tsallake kemo ya ce zai yi tattaki ya warke, ya yaudari kansa.

Zan riƙa cewa "ka" don sauƙi, amma da mace da namiji nake.

Mataki na farko: kada ka fara sai ka yi wa likitanka tambayoyi huɗu

Layin asibitin koyarwa, ko a Shika ne ko Kano ko Sakkwato, ba ya barin likita ya daɗe da kowa, don haka ka rubuta tambayoyinka tun daga gida. Likita, ciwon ya taɓa ƙashi? Maganin da nake karɓa yana taɓa zuciya ko jijiyoyin ƙafa? Jinina ya kai in yi tafiya? Akwai motsin da ka hana ni saboda ɗinkin tiyata ko robar da aka sa mini? Amsar ta farko ita ce mafi nauyi, zan dawo kanta.

Sannan ka roƙi takardar ganin likitan fisiyo. A nan ana samun ruɗani, don mu Hausawa "gashi" muke ce wa aikin fisiyo, "gashi" kuma muke ce wa hasken da ake ƙona ƙari da shi. Ka fayyace cewa sashen motsa jiki kake nufi. Ziyara ɗaya ko biyu ta isa a gwada ƙarfinka a tsara maka abin da za ka riƙa yi a gida. In an sa maka ranar tiyata ko ranar fara kemo nan da mako biyu ko uku, fara tafiyar tun yau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: koyi karanta takardar jininka

Kafin kowane ƙarin ruwa ana ɗibar jini. Yawancinmu mukan miƙa takardar mu karɓa ba mu duba ba, alhali lambobi uku a cikinta su ne za su gaya maka abin da jikinka zai ɗauka a wannan makon.

Na farko yawan jini. In himoglobin ya sauka ƙasa da 8, wato PCV wajen 24, jini ba ya kai isasshiyar iska ga tsoka. Ka tsaya a zirga-zirgar cikin gida, zuwa banɗaki da alwala da ɗan zagayen tsakar gida, har a gyara. Na biyu filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da jini in an ji rauni. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000. In suka yi ƙasa da 50,000, a ajiye ɗaga nauyi da keke da duk abin da zai iya jawo faɗuwa ko bugu. In suka yi ƙasa da 20,000, ko tafiyar ma sai da izinin likita. A irin wannan lokaci kada wanzami ya kusance ka da ƙaho ko aska. Na uku fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki. In sun yi ƙasa kana iya motsi, amma ban da cunkoso: ban da gidan motsa jiki na kuɗi inda kowa ke zufa a kan ƙarfe ɗaya, ban da iyo a kududdufi ko rafi, ban da kwasar kashin dabbobi ko aikin taki.

Kowane asibiti yana da iyakar da yake bi, ta likitanka ita ce gaba da tawa.

Mataki na uku: bi zagayen maganin

Kemo da yawa duk bayan kwana 21 ake yin sa, kuma kwanakin nan ba su yi kama da juna ba. Ranar ƙarin ruwa da kwana biyu zuwa huɗu bayanta su ne na tashin zuciya da kasala. A nan minti 5 na zagaya tsakar gida sau biyu ko uku a wuni ya wadatar, in ma ba ka iya ba, ka zauna a bakin gado ka juya idon sawu, ka miƙe gwiwa ka lanƙwasa, ka ja dogon numfashi sau goma. Akwai wani tarko a nan: maganin hana amai da ake haɗawa da kemo, deksametason, yana sa mutum ya ji ƙarfi ya zo masa a rana ta farko ko ta biyu. Yaya ta taɓa tashi ta wanke kayan yara kaf a irin wannan rana, ta biya bashin da kwana uku a kwance. Ƙarfin aro ne, kada ka kashe shi duka.

Daga kwana na 7 zuwa na 14 fararen ƙwayoyin jini ke kai wa ƙasa. Jiki na iya jin daɗi, amma garkuwa ba ta nan. Yi tafiyarka inda iska ke kaɗawa, ka rage shiga kasuwa da gidan biki. Mako na uku shi ne naka: nan ne za ka ƙara minti, ka ƙara nauyi, ka tara abin da za ka shiga zagaye na gaba da shi.

Samu ƙaramin littafi. Kullum rubuta kwana na nawa ne bayan kemo, minti nawa ka yi, da gajiyarka daga 0 zuwa 10. Bayan zagaye biyu za ka ga ranakunka masu kyau suna maimaita kansu.

Mataki na huɗu: tafiya

Ita ce uwar atisaye, ba ta cin ko sisi. Wanda ya daɗe a kwance ya fara da minti 5 zuwa 10 a rana. In ya yi kwana uku ko huɗu haka bai kwana da ciwon jiki ba, ya ƙara minti 2. Haka har a kai minti 30, ko a dunƙule ko a raba goma-goma, safe da yamma da dare. Wata biyu ma in ta ɗauka ba laifi.

Ga ma'aunin sauri: ka kai inda numfashinka ya ɗan ɗagu, kana iya hira da abokin tafiya amma ba za ka iya rera waƙa ba. In magana tana yankewa kalma-kalma, ka wuce gona da iri, sassauta. In kana tafe kana waƙa hankali kwance, ƙara ƙaimi kaɗan. Mintuna biyun farko da biyun ƙarshe a yi su sannu. Akwai kuma ma'auni na biyu: bayan awa ɗaya ko biyu ya kamata ka dawo daidai. In atisayen safe ya kwantar da kai har la'asar, gobe ka rage rabi. Jiki magayi.

Lokaci yana da muhimmanci a ƙasarmu. A bazara, Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafi kan haura digiri 40, ga mai kemo da amai ko gudawa sun riga sun tsotse masa ruwa. Fita bayan sallar asuba, ko in la'asar ta yi sakaliya. Wasu magungunan, irin su Xeloda, suna sa fata saurin ƙonewa a rana, don haka a sa hula ko mayafi da riga mai dogon hannu. Da hunturu a jira hantsi ya ɗaga, a sa takunkumi saboda ƙura, musamman mai ciwon huhu ko wanda ake gasa wa ƙirji. Mai karɓar oksalifilatin, maganin dajin hanji, shi kam sanyi abokin gabansa ne: iskar asubar hunturu ko ruwan randa mai sanyi kan sa yatsu su yi kamar an ja wuta, maƙogwaro ya shaƙe. Ya sa safar hannu, ya sha ruwa mai ɗumi.

Ga matan da ba su cika fita ba, tsakar gida ta isa. Yaya daga ƙofar kicin zuwa bakin zaure take zuwa ta dawo, tana ƙirga zagaye da carbi. Abu ɗaya na nace a kai: a kawar da tabarmi da bokitai da igiyar akuya daga hanya, kuma ban da silifas. Kambas ko wani rufaffen takalmi mai kama ƙafa ake so.

Dattawa maza kan ce ai suna zuwa masallaci sau biyar. Madalla, wannan tafiya ce kuma a lissafa ta, sai dai in masallacin a ƙofar gida yake, a bi doguwar hanya wajen dawowa.

Mataki na biyar: ƙarfafa tsoka, sau biyu a mako

Wannan shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba mutum da a-kama-ni-in-tashi. Ba a buƙatar ƙarfe. Ledar fiyawata rabin kilo ce, babbar robar ruwa mai lita ɗaya da rabi kuwa kilo ɗaya da rabi.

Fara da kujera mai ƙarfi a jingine da bango. Zauna, tashi tsaye, koma a hankali ba ka faɗa ba. In da farko sai ka dafa, dafa. Sau 8. Sannan fuskanci bango, tafin hannu biyu a kai daidai kafaɗa, matsa ƙafa baya kaɗan, kai ƙirji kusa da bangon ka tura kanka baya, sau 8. Riƙe bayan kujera ka ɗaga dugadugai ka tsaya a kan yatsu, ka sauko, sau 10. Zauna da ledar ruwa a kowane hannu, lanƙwasa gwiwar hannu ka kawo ta kafaɗa, ka sauke, sau 8. Na ƙarshe, kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ɗaga ƙugu sama ka ƙirga uku ka sauke.

Kada ka riƙe numfashi. Fitar da shi lokacin da kake yunƙuri. In sau 12 ya zama wasa, yi zagaye na biyu, in shi ma ya zama wasa, sai a ƙara nauyi kaɗan. A bar aƙalla kwana ɗaya tsakanin atisaye da atisaye. Maza masu dajin mafitsara, wato na firostet da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da ake yi wa allurar Zoladex su fi kowa riƙe wannan, don allurar tana rage sinadarin maza, tsoka ta narke, ƙashi ya yi laushi, tumbi ya fito.

Mataki na shida: gyara tsarin daidai da ciwonki ko ciwonka

Bari in daɗe a kan wadda aka yi wa aikin nono, don ita ce ta fi yawa a layin asibitocinmu. Bayan an cire nono da kaluluwar hammata, mace kan manne hannun a jiki don tsoron kada ɗinki ya ɓalle. In ta yi makonni haka kafaɗa ta sandare, ta kasa ɗaura ɗankwali, ta kasa ɗaga hannu sama da kai, alhali a haka ake kwantar da ita a injin gashi. Tun washegarin aiki, in likita bai hana ba, ki riƙa dunƙule hannu kina buɗewa, ki lanƙwasa gwiwar hannu, ki ɗaga kafaɗu ki juya su baya. Kada hannun ya wuce tsayin kafaɗa sai an cire robar da ke zuƙe ruwa, ko likita ya ba ki izini.

Daga nan sai hawan bango. Tsaya kina fuskantarsa, ɗora yatsu, ki riƙa tafiya da su sama kamar gizo-gizo har inda kika ji ja, ba zafi mai suka ba. Tsaya nan ki ƙirga goma, ki sauko. Sau 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a wuni. Yaya da gawayi take sa alama inda yatsanta ya kai kowace Juma'a. Layukan suna nan a bangon ɗakin Inna har yau, na ƙasa daidai haɓarta, na sama sai ta yi ɗage, kuma Inna ta hana a shafe su da fenti. Wani kuma: kwanta rigingine, riƙe muciya ko sandar tsintsiya da hannu biyu, lafiyayyen hannun ya taimaki ɗayan ki kai ta bayan kai. A ci gaba da waɗannan lokacin gashi da watanni bayansa, don gashi yana ɗaure nama a hankali.

Maganar kumburin hannu fa? A da ana ce wa mata kada su ƙara ɗaukar komai da hannun har abada. A 2009 wani gwaji a Amurka kan mata 141 da hannunsu ya riga ya kumbura ya nuna cewa ɗaga nauyi da aka fara da kaɗan ana ƙarawa sannu a hankali, da safar matsi a hannu, bai ƙara kumburin ba, ya ma rage yawan tashinsa. Haɗarin yana ga aikin farat ɗaya: hannun da ya yi wata uku bai ɗauki komai ba, yau a ba shi taɓarya ko gugar rijiya. Ki sami tef irin na tela, ki auna hannayen biyu a wuri ɗaya duk mako. In na wajen aikin ya fara fin ɗayan, ko zobe da awarwaro sun matse, ko kina jin nauyi, ki koma wajen fisiyo da wuri. In ya yi ja da zafi, asibiti a ranar.

Wanda ciwon ya kai ƙashi, abin da ya fi faruwa a dajin nono da na mafitsara da na huhu, shi ma yana motsi, amma sai yadda fisiyo ya tsara. Ban da tsalle, ban da gudu, ban da murɗa baya, ban da sunkuyawa a ɗauki kaya. In ƙashin baya ne, ruku'u da sujada ma a tambaya, addini ya yarda a yi salla a zaune. Kada a kai shi wajen mai ɗori ko mai tausa da ƙarfi don "bayansa ya riƙe". Ƙashin da ƙari ya ci yana iya karyewa a hannun mai tausa. Hatta acaɓa a kan hanya mai gargada abin gudu ne.

Masu karɓar maganin kemo na Taxol da makamantansa kan ji tafin ƙafa ya mutu ko yana tsattsaki. Ƙafar da ba ta jin ƙasa sosai tana saurin tuntuɓe, kuma ƙaya na iya shiga ba a sani ba. A yi tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri da rana tana gani, a duba tafin ƙafa kowane dare, a riƙa gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya ana riƙe da kujera. Jan ruwan nan mai rina fitsari, doksorubisin, da kuma Herceptin, suna iya raunana zuciya, don haka mai karɓarsu ya ɗauki haki da kumburin ƙafa da muhimmanci.

Wanda ake yi wa gashi ya sa sakakkiyar rigar auduga, kada wani abu ya goge wurin, ya wanke zufa da ruwa a hankali ya dangwala tawul ba ya murza ba. Wanda aka buɗe wa ciki, ko aka fitar masa da hanji ta gefe, ban da ɗaukar jarka ko buhu ko yaro mai nauyi na mako 6 zuwa 8, don gudun ƙaba a wurin ɗinkin. Tafiya kuwa tun yana gadon asibiti ake so ya fara.

Mataki na bakwai: san lokacin tsayawa

Sayi ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada. In ya nuna 38 ko sama kana kan kemo, babu atisaye, babu kuma zuwa kemis a ce maleriya ce a haɗo magani. Ko da maleriyar ce, a asibiti za a tabbatar, domin zazzaɓi a jikin da ba shi da fararen ƙwayoyin jini kan zama gubar jini cikin awanni. Kada a sha farasitamol a rufe shi a kwanta. A tafi ko da tsakar dare ne, a gaya musu a bakin ƙofa cewa mai kemo ne.

Haka in ciwon ƙirji ya zo, ko haki kana zaune, ko bugun zuciya ya rikice, ko jiri har ka ga duhu, ko jini ya ɓalle daga hanci ko dasashi ya ƙi tsayawa. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi a sha-raɓa: kada a murza, kada a taka da ƙarfi, yana iya zama gudan jini, kuma ciwon daji yana ƙara haɗarinsa. Sabon ciwon baya mai tsanani tare da rauni ko mutuwar ƙafafu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya zubo ba a sani ba, wannan na gaggawa ne, kwana ɗaya na iya raba mai tafiya da gurgu.

Ranar da aka wuni ana amai ko gudawa, a huta a sha ruwan gishiri da sukari. Ba a fita atisaye da yunwa: kofin kunu ko ayaba ko dabino uku rabin awa kafin a fara. Bayan an gama a ci abin da zai gina tsoka, ƙwai ko wake ko kifi ko nama da ya dahu sosai. In fura da nono ne, a tabbata an tafasa madarar kafin a yi nonon. Batun azumi a yi shi da likita kafin watan ya kama. Mara lafiya yana da rangwame, wanda kuma aka yarje masa ya yi, ya mai da tafiyarsa bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu.

Ku kuma masu jinya, aikinku shi ne rakiya. Ku bar ta ta ɗauko butarta, ta shanya ɗankwalinta, ta tsince shinkafa. Wani ya jera da ita a zagayen, a gefen da ba a yi wa aiki ba, ba tare da ya riƙe ta ba sai in ta nema. Ranar da ta ce ba za ta iya ba, ku ce a gwada minti 3, in bai yiwu ba a bari sai gobe, ban da gori. Masu dubiya kuma za su shigo su tarar da ita tana zagaya tsakar gida, su yi salati su ce ba ku da tausayi. Kada ku tsaya dogon bayani, ku ce likita ne ya ce ta tashi. A gidanmu wannan amsar ce kaɗai ta rufe bakin Gwaggo.